Mangwaron Gajeriya

Ka taɓa roƙon Allah abu ɗaya tak, ka kwana kana roƙo ka tashi kana roƙo, sai ka waiwaya ka ga abin nan shi ya fara tafiya? Haka ta faru da Mai Dashe.

Mai Dashe kowa ke kiransa, har a coci. Sana'arsa aurar da mangwaro a bakin babbar hanya. Zai shuka ƙwallo a leda, in tsiron ya yi kaurin fensir sai ya yanke shi a karkace, ya yanko ɗanyen reshe daga bishiya mai 'ya'ya masu kyau, ya haɗa su fuska da fuska, ya naɗe tam. Cikin goma, takwas ke kama masa. Matarsa kuwa tara. Shi ya koya mata, ta zo ta fi shi, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

Shi yana haɗa nasa a sama, ita kuwa can ƙasa, taƙi ɗaya daga bakin leda. Yakan ce don gajeriya ce, iyakar inda hannunta ya kai ke nan. Ita ta ce dogon mutum da ma bai san abin da ke faruwa a ƙasa ba. Sunan ya bi ta, Gajeriya, har 'ya'yansu suka tashi suna jin sa. Kafin ta sa wuƙa tana da addu'arta guda: «Ubangiji, ni na yanka, kai ka haɗa.»

Duk rassan daga bishiya ɗaya suke fitowa, wadda ta shuka a bayan rumfar sana'arsu shekarar aurensu. 'Ya'yanta ba zare, ƙwallon siriri, ganyen in ka murza yana ƙamshi kamar an haɗa shi da lemo. Da Gajeriya ta rasu, a gindin bishiyar nan yake karyawa, a nan yake addu'ar safe, wani lokaci har ya ba ta labarin ciniki.

Sai aka zo aka shafa jan fenti a jikin rumfa da bishiya, aka ce za a faɗaɗa hanya. Mai Dashe bai yi gardama ba. Ya jera dashe arba'in da ba a aurar ba, ya ce zai kwashe rassa ya haɗa, bishiyar ta bi shi duk inda za shi. Amma yanar ido ta rufe masa gani, yanka ba ya fita daidai. Autarsa, ma'aikaciyar jinya, ta ce a fara gyara idon tukuna, ai an ce sai bayan damina za a fara aikin. Ya yarda. Roƙonsa ɗaya ne: Allah ya tsare bishiyar har ya dawo.

Yana kwance da bandeji a ido motar rusau ta zo. Maƙwabta sun kwashe masa dashen, amma ba wanda ya yi tunanin yanko reshe. Da aka kwance masa ido, abin da ya fara gani tarwai shi ne jar ƙasa shimfiɗe, ko kututture babu.

Auta ta ɗauke shi zuwa gidanta a wani gari, hawa na uku, ɗaki biyu da baranda. Cikin dashe arba'in, goma sha biyu barandar ta ɗauka. Yana ba su ruwa kullum, ya san kuwa ba za su taɓa yin irin 'ya'yan da yake so ba. Ya sayar da dashe ya fi dubu a rayuwarsa, amma duk ga matafiya, su tsaya su sa a bayan mota su wuce. Bai san inda ko ɗaya ya tsaya ba.

Addu'a bai daina ba, sai dai ta gajarce. Cocin unguwar ma bai kwanta masa ba: ganga ta yi ƙara, ba wanda ya san Gajeriya. Auta ta ce, «Baba, Allahn can shi ne na nan. Sa takalminka.» Ya sa, yana gunaguni. A bencin ƙarshe yake zama, kusa da ƙofa.

Wata Lahadi zafi ya dame shi, ya fita ana cikin waƙa, ya zagaya baya neman inuwa. Ya tarar da wani dattijo da ake kira Direba zaune a gindin mangwaro yana fifita da hula. Direba ya matsa masa, ya ce ashe masu gudun wa'azi sun zama biyu. Mai Dashe ya zauna, hannunsa ya kai ga ganye kamar yadda ya saba, ya murza, ya kai hanci.

Ƙamshin lemon nan ne. Ya durƙusa da kayan cocinsa, ya share busassun ganye daga gindin. Ga kumburin haɗi nan, taƙi ɗaya daga ƙasa.

Direba ya ce shi ya kawo bishiyar tun yana jan babbar mota. Ya tsaya a bakin hanya injin ya yi zafi, wata 'yar gajeriyar mata ta ba shi ruwa, da ta ji suna gina coci sai ta ɗora masa dashe ɗaya, ta ce kada ya bari mijinta ya gani.

«Ta ce me?»

«Wai mijin nata dogo ne, kuma yana ƙirga komai.»

Mai Dashe ya yi dariya har hawaye suka zubo, daga nan dariyar ta tsaya, hawayen ba su tsaya ba. Direba ya kau da kai ya ci gaba da fifita.

Washegari da safe ya dawo da wuƙa, da izinin fasto, ya yanko rassa goma sha biyu ya naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. A baranda ya zauna a ƙasa, abin da bai saba ba, ya yanka kowane dashe can ƙasa, inda Gajeriya take yankawa. Auta tana tsaye da kayan aikinta ta ji yana faɗin addu'ar mahaifiyarta a kan kowanne.

Bakwai sun yi toho, uku sun bushe, biyu har yanzu ba su nuna komai ba. Ya ce da Gajeriya ce ta haɗa, da sha ɗaya sun kama. Ya san kafin su yi 'ya'ya sai an shekara uku ko huɗu, kuma bai san ko zai ɗanɗana ba. Bencinsa dai ya matsa gaba, kusa da tagar da ake hango bishiyar.

Kai ma in akwai abin da ya yanke maka ba shiri, gwada irin na Mai Dashe da Gajeriya. Yi iyakar abin da hannunka zai iya, ka naɗe shi da kyau, ka ce wa Ubangiji ya haɗa, sannan ka sa takalminka ka je inda ba ka so zuwa ɗin.