Harshen Mai Rijiya

Ƙanena mai haƙar rijiya ne, kuma in faɗi gaskiya ina jin haushinsa. Ni na yi karatu, shekara ashirin ina koyar da labarin ƙasa a sakandare. Shi ko a aji uku ya ajiye jaka ya bi wani tsoho yana ja masa guga. Amma yau in an ce duwatsu, ƙofarsa ake bugawa.

Tun yana ƙarami yake da ƙazamar ɗabi'a: duk dutsen da ya tsinta sai ya lasa. Mahaifiyarmu ta yi duka har ta gaji. Da ya shiga rami sai abin ya zame masa sana'a. Ya san inda jar ƙasa ke ƙarewa, inda farar laka ke farawa, ya san gaba nawa za a yi kafin a kai wani toka-tokan dutse mai bawon katantanwa a ciki.

A nan ne wata rana digarsa ta ci karo da wani abu mai kaurin turmi. Ya ɓantaro, ya ɗora a harshe, abin ya manne. Ya ce ƙashi ne. Malaman jami'a suka zo da burushi da ƙananan guduma, suka tabbatar gaɓar bayan dainoso ce, ƙattin dabbobin nan da suka ƙare tun ba a yi ɗan Adam ba. Ashe ƙashin da ya zama dutse yakan kama harshe saboda ƙananan ƙofofin jikinsa. Ni da na haddace littafi, a bakin mai rijiya na fara jin wannan. Daga nan duk fitar da za su yi, shi ne a gaban mota.

Ni ma ina da nawa. Wani baƙin dutse ne dogo da na tsinto ina sabon malami, na ajiye a kan teburina a aji. Duk ɗalibin da ya ratsa hannuna na gaya masa ƙashin dainoso ne. Da shi aka san ni, har Malam Mai Ƙashi suke ce mini.

Sai ga shugaban makaranta ya gayyaci ƙanena ya yi wa ɗalibaina bayani. Ya shigo da wankakkiyar riga, faratansa duk jar ƙasa. Ya zazzage guntayen ƙashi a tebur, ya manna ɗaya a harshe ya saki hannu, aji ya ɗauki ihu. Ni ban taɓa samun irin wannan ihun ba, ina tsaye jikin allo ina murmushin dole.

Shugaba ya ce, “To ga na yayanka nan, gwada mana shi.”

In bai manne ba, shekara ashirin na ƙarya ke nan a gaban yara sittin.

Ya ɗauka, ya jinjina shi a hannu, bai ko kalle ni ba. “Ranka ya daɗe, wannan ba zai kama ba ko me za a yi. Hannun ɗalibai ya shafe shi, maiƙo ya toshe ƙofofin. A bar wa Yaya kayansa.”

Aka tafa masa, har a kan wannan.

Da aka tashi na rufe ƙofar aji, na ɓalle gefen dutsen da guduma, na ɗora sabon wurin a harshena. Ya zame ya faɗo a tebur. Na sake, ya sake faɗowa.

Na same shi a bakin titi yana ɗaure igiya a bayan babur.

“Tun yaushe ka sani?”

Ya sosa ƙeya. “Tun ranar da ka kawo shi gida, Yaya. Kana wanka na lasa.”

“Shi ne ba ka faɗa ba?”

“Na ga kana sonsa.”

Ya tada babur ya tafi. Na so in ji godiya, wallahi na so, amma abin da na ji daban ne. Ni ne babba, ni ya kamata in riƙa rufa masa asiri, sai ga shi shekara ashirin shi ke rufa nawa ban ma sani ba.