Kanwar Yaya Ramlatu a Tukunyar Tut

Yayata Ramlatu ta iso Makka shekara biyu bayan babban yaƙin Turawa, da 'ya'ya mata biyu. Mijinta ya rasu a hanya, kafin su hau jirgin ruwa. Ni a lokacin sana'ata kai ruwa gidaje a garwa, kuma ɗakina a unguwar Jarwal bai ɗaukar mutum huɗu. Sai na roƙa mata aikin girki a gidan wani mai sayar da yadi, mutumin Sham. Matarsa, Sitti Hadijatu, ta ce za ta gwada ta kwana bakwai. In ta yi, ɗakin ƙasa nata ne da yaran. In ba ta yi ba, shi ke nan.

Rana ta biyar aka kawo kwandon tut daga Ɗa'ifa. 'Ya'yan itace ne ƙanana, jajaye, masu tsami. Sitti na da baƙi bayan la'asar. Ta riga ta murza kullun alkama a faranti, saura abin zubawa a ciki. Da hannu ta nuna wa Yaya, don Larabcin Yaya bai wuce na salla ba: tut a tukunya, sukari, a dama ɗan sitaci ya yi kauri. Ta hau bene.

Yaya ta ɗanɗana, ta ji tsami. Mu kuwa a gida, abin da ya yi tsami, ko yakuwa ko tsamiya, kanwa ake jefa masa. Tana da 'yar kanwa ƙulle a bakin zane. Ta jefa.

Na shigo da ruwa na tarar da ita tsaye, muciya a hannu. Tukunya ta yi kumfa, jan ya gudu, abin ya koma baƙi-baƙi mai kore.

"Isa, zo ka ga abin da na jawo wa marayu."

Na leƙa. "Yaya, rini kika koma?"

"Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Akwai wani tut ɗin a kasuwa?"

"Sai motar Ɗa'ifa ta jibi."

Ta zauna a kan turmi. Can ta ce, "Tsamin na kashe, jan ya bi shi. To a dawo da tsamin mu gani. Aje garwar nan, nemo mini lemon tsami."

Na kawo shida. Ta matse na farko, ba abin da ya canja. A na uku sai inda ruwan ya sauka ya yi ja. Ta ci gaba da juyawa a kan garwashi, ta ƙara sukari, ta tsiyaya sitacin a hankali har muciya ta fara barin hanya a bayanta. 

Sitti ta sauko, ta sa cokali. Ta daɗe tana taunawa.

"Esh hada, mene ne wannan? Gishiri kika sa?"

Na fassara. Yaya ta dube ni, ta ce, "Ka ce mata kaɗan."

Na faɗa. Sitti ta sake ɗiba, ta ce na Sham ba haka yake ba, amma a zuba, a kai gidan gashi kafin a yi layi. Ni na ɗauki farantin a ka.

Sitti ba ta jira kwana bakwai ba. Washegari ta miƙo makullin ɗakin, na kwaso tabarmi da tukwane biyu. Shekara goma sha tara Yaya ta yi a ɗakin nan, daga cikinsa aka fitar da 'ya'yanta biyu gidan miji.