Ranar da Ƙofar Lupe Ta Rufu

Duk wanda ya zauna a benen nan na Campbelltown ya san Lupe, don ba ka isa hawa na uku sai ka bi ta gaban ɗakinta, ɗakin kuwa kullum a buɗe yake. Tun da ta baro Samoa tana amarya ta kama aiki a ɗakin wankin asibiti, ba ta taɓa gane amfanin ƙofa ba. Gidan da aka haife ta ko bango ba shi da shi. Da wani tsohon dutsen guga take tokare ƙofarta, sai za ta kwanta take turawa, shi ma don surutun maƙwabta. Ran Lahadi bayan coci ƙanshin gwaza da madarar kwakwa kan sauka har ƙasa, mai jin yunwa ya biyo hancinsa. Ka cire takalmi, ka zauna, a zuba maka abinci da faɗa a faranti ɗaya.

Akwai kuma dalilin da ba ta faɗa wa kowa, ko da yake kowa ya sani. Da mijinta ya rasu, dangi suka ce ɗansu Lafaele ya koma gida ya karɓi sarautar zuriyar uban. Lafaele ya ce shi direban bas ne, ya gode. A gaban Fasto da jama'a Lupe ta ce to ita ba ta haihu ba. Ya saɓa jakarsa ya koma Newcastle, yau shekara kusan goma. Lupe ta san abin da ta haifa, taurin kan nan nata ne. In ya zo ya tarar da ƙofa a rufe dole ya ƙwanƙwasa, ƙwanƙwasawa kuwa roƙo ce, shi kuma ba zai roƙa ba. In a buɗe take, shigowa kawai zai yi ya zauna, ta miƙa masa faranti, magana ta mutu. Tana kewarsa matuƙa, shi ya sa ba ta wuni ba ta zage shi ba.

Ana nan sai masu binciken gobara suka zagaya benen, suka ce ƙofofin nan kwali ne da fenti, a canja su duka. Kafintan da aka turo mata sunansa Gavin, dogo mai jan wuya, da ganinsa ya saba da rigimar tsofaffi. Ran Juma'a ya kafa mata sabuwar ƙofar.

"Mama, wannan sai wuta ta yi awa guda tana cinta ba ta shigo ba," in ji shi.

"Wa ya gayyato wutar?"

Ya nuna mata robar da ke gefe mai tare hayaƙi, da wani ƙarfe a sama kamar gwiwar hannu. Ya saki ƙofar, ta taho a hankali ta rufe kanta, ƙirit.

"Cire wannan abin, ɗan nan."

"Ba dama, Mama."

Ta sunkuya za ta ɗauko dutsen guga.

"Ba tokarewa kuma, ko da silifa ne. In tukunyarki ta kama da wuta ƙofar tana buɗe, ke kya fita. Hayaƙin sama zai hau, wajen mai 'yan biyun nan."

Lupe ba ta tsoron hukuma, amma 'yan biyun nan a bayanta suka yi wayo. Ta ajiye dutsen gugar. Ta zuba wa Gavin abinci don kada a ce ta yi fushi, alhali ta yi.

Kashegari Asabar ta kashe wayarta, ta shige ƙurya ta kwanta. Da hantsi ƙanwar mijinta Oliana ta hawo da ɗanyar ayaba a leda, ta yi turus. Ba ta taɓa ganin ƙofar nan a rufe da rana ba. "Yaya! Yaya Lupe!" Shiru, don ƙofar ta yi aikin da aka sayo ta dominsa, ko murya ba ta wuce ta. Ta sa hanci a gefe ta shinshina, ko ƙanshin albasa babu. Ƙwanƙwasawa ba ta ma zo mata a rai ba, wa ke ƙwanƙwasa wa Lupe? Ta buga wa matar Fasto waya tana kuka.

"Ƙofar Yaya a rufe take, kuma ba a girki."

"Wayyo Allah," in ji matar Fasto, "jiya-jiya fa muka rabu lafiya."

Kafin rana ta take labari ya kai har wajen dangi a Auckland da Apia. Jama'a suka cika baranda, suka zazzauna a ƙasa har kan matakala. Aka kawo lallausan tabarmin nan da ake bayarwa a makoki, da katan-katan na naman gwangwani. Wasu samari suka ce a ɓalle ƙofar, Fasto ya ce kul, ba mai shiga kan uwa kafin ɗanta. Aka jira, sannan aka ɗauki waƙar jana'iza.

To, ƙofar tana tare hayaƙi, amma ba a yi ta don mutanen Samoa arba'in masu waƙar coci ba. Lupe ta ji daga ƙurya. Ta ce a ranta wayyo, wani ya rasu a benen nan ba a gaya mata ba, ga sharrin ƙofar nan tun ba a je ko'ina ba. Ta sa farar rigarta, ta ɗora hula, ta ja ƙofar da hannu biyu.

Waƙa ta tsinke. Oliana ta kurma ihu ta faɗa kan matar Fasto.

"Wa ya mutu?" in ji Lupe.

"Ke, Yaya."

Lupe ta dubi tabarmin, ta ga dangin mijinta sun yi ƙoƙari fiye da yadda ta zata. Sai idonta ya sauka kan wanda ke durƙushe dab da ƙafarta, sanye da rigar aikin direba, kansa a ƙasa, har furfura ta fara masa. Ta ji in ta buɗe baki kuka ne zai fito, a gaban Oliana kuwa ba za ta yi ba. Ƙofar ta fara turo ta daga baya.

"Mama," in ji Lafaele.

"Kai, tashi ka riƙe mini ƙofar nan, nauyi gare ta. An hana tokarewa, ba a hana mutum ba."

Ya tashi ya riƙe. Tunda an riga an kawo nama, aka ɗora tukwane, jama'a na shiga suna fita ta ƙarƙashin hannunsa, ba wanda ya karɓe shi don Lupe ta harari duk wanda ya gwada. Da aka sauke abinci ta zubo nasa da kanta, ta zo ta tsaya a gabansa. Ya dubi farantin, ya dubi hannayensa biyu da ke kan ƙofa.

"Kar ka saki," ta ce. "Buɗe bakin."

Ta gutsuro gwaza, ta hura ta huce, ta sa masa.