Ƙullin da ke Bakin Mayafin Dada

Litinin: Ganye zuwa Jimeta

Ƙarfe biyar da kwata, ana idar da sallar asuba, na fito da mahaifiyata Dada daga gida, ni da jaka, ita da bargo. Bargo a watan Maris! Wata takwas ke nan da aka yi mata aikin maƙoƙo a Yola. Tunda an cire abin gaba ɗaya, aka ce ƙwaya ɗaya kowace safiya ce za ta riƙa yin aikinsa muddin rai. Sau biyu likita tana ƙara ƙarfin ƙwayar, amma Dada sai kumbura take yi, tana jin sanyi, barci yana kwashe ta ana tsakiyar hira. Matar da a da take gama tatsar shanu kafin kowa ya farka. Na yi wa kaina alkawari wannan karon ba zan dawo ba sai na san dalili.

Yapendo, wato ƙanwar Dada, ta rako mu bakin ƙofa. Ɗaki ɗaya suke kwana tun da mazansu suka rasu. Ita ma tana da nata maƙoƙon da take naɗewa da gyale, sai dai ko sunan asibiti ba ta son ji. Da ta miƙo mana goran fura na ga hannunta yana rawa, na ɗauka kukan rabuwa ne.

Mota ta cika ƙarfe shida da minti goma. Na kama mana kujerar gaba. Muka wuce Jada ƙarfe bakwai, direba yana share zufa yana satar kallon bargo.

"Hajiya, ki ara mini sanyin nan mana," in ji shi.

A shingen da ke gaban Mayo Belwa soja ya leƙo. "Mama ba lafiya ne?"

"Lafiya lau," in ji Dada. Ko a bakin kabari aka tambaye ta, amsar ke nan.

Ngurore ƙarfe tara da rabi, tashar Jimeta goma da kwata. Muka wuce wurin gwaji kai tsaye aka ɗebi jininta, aka ce sakamako sai gobe da safe. A gefen titi muka ci shinkafa da kifi, ita loma huɗu ta yi ta ture kwano. Daga nan keke ya kai mu Adarawo, gidan yayanta Kawu Hamman, cikin minti ashirin da biyar.

Talata: Adarawo

Bayan asuba na miƙa mata ƙwayar da ruwa, na juya zan naɗe tabarma. Sai na ji ɗan ƙas. Na waiga. Dada ta gatsa ƙwayar biyu, ta haɗiye rabi, tana kwance wani ƙulli a bakin mayafinta don ta jefa ɗaya rabin. A ciki akwai na jiya.

"Dada, wannan na waye?"

Ta yi kamar ba da ita nake ba. Ni kuwa auta ce, kunyar da ake yi wa 'yar fari ba ta shafe ni ba. Na zauna a gabanta na ƙi tashi.

"Na Yapendonki ne," ta ce daga ƙarshe. "Ciwo ɗaya ne da mu. Ni na samu magani, ita ba ta samu ba. Tun muna yara ban taɓa kai abu baki tana kallona ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka sallamo ni."

Na tuna rawar hannun Yapendo da yadda take dafe ƙirji kwanan nan. Raina ya ɓaci, tausayinsu kuma ya kama ni, duk a lokaci ɗaya. Na ce mata yau ko ta faɗa wa likita da bakinta, ko ni in faɗa. Ta ce in na kunyata ta a gaban baƙuwa ba za ta ƙara shiga mota da ni ba. Na ce na yarda, in dai tana raye.

Asibiti, Yola

Na koma Jimeta na karɓo takardar gwaji ƙarfe tara, layi ya zo kanmu sha ɗaya da minti arba'in. Likitar 'yar Numan ce, mai fara'a, Hausarta ba ta raba namiji da mace. Ta duba takarda ta girgiza kai.

"Mama, kana shan magani kullum? Da ruwa kawai, kafin abinci?"

"Ina sha."

"To har yanzu bai kai ba. Zan ƙara kuma." Ta ɗauki biro.

Na buɗe baki, Dada ta danne mini gwiwa. Na zaci hana ni take. Ashe ƙullin take kwancewa. Ta ajiye shi a kan tebur, rabi biyu suna ciki, ta faɗi komai idonta a ƙasa.

Likita ta ajiye biro. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ashe duk ƙarin da take yi, a kan rabi take lissafi, kuma da Dada ta wayi gari ta fara shan wannan mai ƙarfin cikakkiya, zuciyarta ce za ta sha wahala. Maimakon ƙari sai ta rage, ta ce a haɗiye ta ɗungurungum, a dawo gwaji bayan sati shida.

"Ƙanwarka kuma ya daina daga yau. Ba kowane maƙoƙo ne yake son wannan magani ba, wani ma ƙara masa wuta yake. A kawo mini shi in gani."

Komawa

Muka yi wa Kawu sallama, muka samu motar ƙarfe biyu. Ana kiran magariba muka sauka a Ganye.

Yapendo na tsaye inda muka bar ta. Idonta ya tafi bakin mayafi, ta ga babu ƙulli.

"Ya ƙare," in ji Dada. "Cutar da ke nake yi ban sani ba. Litinin za ki je Yola."

"Adda, wuƙar likita fa," in ji Yapendo, da sunan da take kiran yayarta.

"Dubawa za a yi tukuna. Kuma abin da na ci, ba shi kike ci ba? To na je. Ke ma za ki je, ina gefenki."

Yapendo ta taɓa gyalen wuyanta. Sannan ta juyo gare ni. "Ƙarfe nawa motar take tashi?"

Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, ga Kawu Hamman da masaukinsa, da likitar da ta ajiye bironta ta saurara. Direba kuwa na riga na gaya masa ya riƙe mana wurin mutum uku.