Gurguzun Mahaifiyata da Ruwan Afrilu a Jidda

Cikin duk abin da ya same ni a shekarun da na yi ina aiki a Jidda, akwai guda ɗaya da na tabbata ba zai fita daga raina ba muddin ina numfashi. Kuma a kan ɗan irin yakuwa ya faru, wanda bai cika tafin hannu ba.

A lokacin ina aikin takardun kaya a tashar jiragen ruwa, ina zaune a hawa na uku na wani tsohon bene a unguwar Bani Malik. Shekarar da na zo, a ita mahaifiyata ta rasu. Da na je gida zaman makoki, ƙanwata ta ƙulla mini gurguzu a leda, irin farar yakuwar da marigayiya take shukawa a bayan ɗakinta, wadda ita ma a wurin kakarmu ta samu. Ba a jima ba aka zuba wa filin siminti aka yi ɗaki. Abin da ke cikin akwatina shi ne ƙarshen irin.

Wata rana a Afrilu, bayan la'asar, hadari ya haɗu aka tsuge da ruwa na kusan rabin awa. Na buɗe taga, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya bugi hancina. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san abin da ruwan farko yake yi wa mutum bayan bazara: jiki ne yake tashi neman fartanya tun kafin hankali ya yi magana. Washegari na samo tsofaffin bokitan fenti, na huda gindinsu, na cika su da ƙasa, na hau saman bene na shuka gurguzun. Duka na shuka, ban rage ko ƙwaya ɗaya ba. Har yau wannan ne yake ba ni mamaki da kaina, domin mahaifiyata ba ta taɓa juye irinta gaba ɗaya a ƙasa ba.

Kwana biyar suka tsiro, gwanin sha'awa. Na zauna jiran ruwa na biyu, bai zo ba. Abin da ya zo iska ce mai zafi daga kudu, wadda mutanen garin suke kira aziyab. Ta yi kwana uku tana busawa. Simintin saman benen ya ɗauki zafin da ba a iya taka shi ba takalmi. Kullum na dawo aiki sai in ɗebi ruwa a famfon tanki in zuba musu, kullum sai in tarar wasu sun kwanta. Cikin mako biyu tsiro uku kawai suka rage a tsaye.

Ranar wata Juma'a da safe ina tsugune a gabansu, sai ga tsohuwar da ke hawa na ƙasa ta hawo shanya kuɓewa. Bahaushiyar Sudan ce, tun tana yarinya iyayenta suka zo aikin hajji suka zauna. Gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ta dubi bokitan, ta dube ni.

"Ya waladi, ɗana, wa ya ce ka yi shuka yanzu?"

Na ce, "Hajja, ai ruwa ya sauka."

Ta yi dariya har sai da ta dafa bango. "Ruwa ya sauka! Kai ɗan Najeriya, nan ruwan Afrilu sallama yake yi. Mu sai zafi ya karye, wajen Oktoba, muke shuka. Yanzu kowa kwashe nasa yake. Nawa ka rage a irin?"

Na nuna mata bokitan.

"La haula. Duka?"

Na gaya mata inda irin ya fito. Dariyar ta ɗauke. Ta murɗa famfon ta tara hannu, ta janye da sauri. "Da wannan kake ba su? Ai shayi kake dafa musu. Yalla, maza ɗauko ukun nan ka biyo ni. Sauran kam tasu ta ƙare."

Na bi ta har ƙasa. Ta ratsa da ni ta kicin ɗinta, ta buɗe wata ƙaramar ƙofa da ke fita lungun da ke tsakanin benenmu da na maƙwabta. Na kusan shekara a gidan ban san da lungun ba. Faɗinsa bai wuce taku uku ba. Na tsaya a bakin ƙofa da bokiti a hannu, na kasa shiga.

Kore ne shar daga wannan bango zuwa wancan. Lalo ya kai gwiwa, kuɓewa ta fi ni tsawo, ga na'ana'a ta malale a ƙasa, ga zogale ya miƙe yana neman hawa na biyu. Wurin da ɗan sanyi, kuma akwai wani sauti a hankali, ɗis, ɗis, ɗis. Na ɗaga kai. Kowane mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, da ke jikin bangayen biyu, an ɗaura masa siririn tiyo a inda yake ɗigar da ruwa. Tiyon suna gangarowa kamar jijiyoyi, suna haɗuwa a cikin duro biyu. Har nawa na gani a hawa na uku. Ashe ruwan da nake zaton yana zuba a banza, lalon Hajja yake sha.

Ta ce shekara da shekaru ta yi tana bin matan benen gida gida tana roƙon ɗigon, ita kuma tana aika musu da ganyen miya. "Shuf, duba," in ji ta, ta tsoma hannuna a duron. Ruwan sanyi ƙalau, babu gishiri. "Daga tekun nan yake. Iska ta ɗauko shi, inji ya tatse. Zafi ya ƙaru, mutane su kunna mukayyif dare da rana, duro ya cika. Allah bai hana garin nan ruwa ba, ta bango yake aiko mana."

Na sha ganin manyan jirage da injinan ɗaga kaya a wurin aiki, amma ba su taɓa sa ni yin tasbihi irin na wannan safiya ba. Zafin da yake ƙone shukata a sama, shi ne yake shayar da tata a ƙasa.

Ta ajiye bokitaina inda rana take leƙowa da hantsi kawai, ta hana ni ba su ruwa. "Kai hannunka da nauyi. Ka zo ka gaishe su ka tafi." Ita take zuba musu ruwan wankin shinkafa da kashin tantabara. Duk da haka biyu suka mutu a tsakiyar zafi. Ɗayar ta girma ta yi rassa, amma wata bayan wata babu fure. Na fara fid da rai. Hajja ta ce karkade, haka suke kiranta, ba ta fure sai yini ya gajarta.

A Nuwamba ta aiko a kira ni kafin in fita aiki. Fure guda ya buɗe, fari mai ɗan rawaya, irin wanda na saba gani a bayan ɗakin mahaifiyata. 

Da kwanson ya bushe muka fasa, ta raba gurguzun kashi huɗu a kan faranti: nawa, nata, na wata ƙawarta a unguwar Sa'alaba, da wanda ta ce lallai in aika wa ƙanwata. "Kada ya sake zama a hannun mutum ɗaya," in ji ta, "balle kai."

Tun daga nan na gane cewa kowace ƙasa da lokutanta, kuma sanin da na zo da shi daga gida, komai ingancinsa, na gida ne. Yanzu idan na sauka baƙon wuri, kafin in taɓa abin da ba ni da madadinsa, sai na nemi wanda ya tsufa a wurin na tambaye shi.