Na kai ƙarar taswirar kyauta Sabon Tasha

Talata, Kafanchan

Ƙarfe biyar saura kwata na bar ƙauye, takardar gonar babanmu a cikin leda. Ni da maƙwabcina Ayuba muna rigima kan taku bakwai na gonar citta, mai unguwa kuma ya ce ran Asabar kowa ya kawo shaidarsa. Shida da rabi mai mashin ya sauke ni wajen Madam Ngozi mai awon fili, wadda ta auna mana gonar makon jiya.

Ta juyo mini kwamfuta. Ni da na tsaya a aji uku, na gyara tabarau kamar alƙali.

"Baba, ka ga jan layin nan? Kai ne ka shiga gonar Ayuba."

"Nawa kika sayi manhajar da ta zana wannan?"

"Kyauta ce, kowa na iya saukewa."

"Shi ya sa! Yaushe abin kyauta ya fara faɗin gaskiya?"

Ta zuba mini awon a filas ɗin kwamfuta, ta ce in je Kaduna in gwada ta kuɗi.

Zonkwa zuwa Kachia

Tara da minti goma muka tsaya a Zonkwa, na sha kunu da ƙosai. Kafin Kachia soja ya leƙo cikin bas.

"Baba, me ke cikin leda?"

"Gona ce, yallaɓai."

Ya ce wa direba ya riƙa lura da ni.

Sabon Tasha

Ɗaya da rabi na iso Kaduna, na shiga ofishin wani mai awon fili, Injiniya Bulus. Manhajarsa da dala ake biyanta duk shekara, ta kuma ƙi buɗewa sai da sabis ya dawo, awa biyu cur. Raina ya yi fari, na ce ga abu mai aji.

Ta buɗe, sai ga jan layin nan a inda na baro shi.

"Baba, lissafin ɗaya ne. Tamu dai in ta lalace akwai wanda muke kira."

"To kira shi mana, ɗana."

"Ai ba ya matsar da iyaka."

Na kwana gidan 'yata Rifkatu, ta yi dariya har ta ƙware.

Laraba, gida

Ƙarfe huɗu na iso. Ban jira Asabar ba, na je na tuge turakun iyakata na mayar da su baya taku bakwai. Ayuba yana tsaye yana ƙirgawa, ya ce takuna sun cika ƙanƙanta, sai da muka sake da nasa.

Godiya ga Allah da ya dawo da ni lafiya, da kuma Madam, wadda har yau ba ta tambaye ni yadda na baro Kaduna ba.