Hoton Umma Bai Fito Ba

Yayana gyaran keken ɗinki yake yi. Shagonsa bai fi a shimfiɗa tabarma biyu ba, a layin teloli, tsakanin mai sayar da zare da wani mai aski. Kawunan kekuna ne jere a kan kanta, kowanne da 'yar takarda ɗaure a wuya mai ɗauke da sunan mai shi, ga warin man keke da ke bin mutum har gida. In ya kasa kunne ya ji ƙarar keke, zai gaya maka ciwonsa tun kafin ya kwance noti ɗaya. A wannan fannin ban taɓa jin wanda ya kushe shi ba. Abin da ya hana shi sakat, mu ma ya hana mu, kyamara ce.

Ya saye ta ne wata uku bayan rasuwar Baba. Mun birkice gidan kaf muna neman hoton Baba da za a wanke babba, ba mu samu ba sai na jikin katin aikinsa, ɗan mitsitsi, hatimi ya cinye rabin fuskar. Yaya ya zauna a ƙasa riƙe da katin nan ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza. A nan ya ɗauki alkawari cewa Umma ba za ta tafi haka ba. Zai ɗauke ta hoto guda ɗaya tak, mai kyau, wanda za a wanke kamar faɗin taga a rataye a falo, jikokinta su san fuskarta. Kuma ba mai hoton haya ba, shi da hannunsa.

Duk ranar da ba ya buɗe shago, da hantsi, sai ya iso gida da jakar kyamara a kafaɗa. Umma kuwa ta riga ta yi wanka, ta sa kwalli, ta kafa ɗaurin ɗankwali. Kujerar roba ce fara ake ajiye mata a bakin ƙofar ɗakinta, inda inuwa take amma haske na shigowa ta gefe.

"Umma, ɗan ɗago haɓa. A'a, ya yi yawa. Kalli kafaɗata."

"Babana, kafaɗar taka me aka rubuta a jiki? Ka danna abin nan mana, wuyana ya ƙage."

Sai ta kwashe da dariya, wushiryarta ta bayyana, shi kuma ya yi tsaki ya ce ta motsa. Ina son wannan lokacin, ba zan ɓoye ba. Tun da Baba ya rasu, ranar ce kawai a mako Umma ke buɗe akwatinta ta zaɓi zane.

A shekarun farko hotunan da gaske ba su da kyau. Wani ya yi duhu, wani hasken ya wanke mata fuska, wani hannunsa ya girgiza. Yaya ba ya wasa da abu, sai ya duƙufa. Ya daina barin kyamara ta zaɓa masa komai, ya koma saita ta da kansa. Ya koyi cewa in ka buɗe ƙofar hasken lens, wato gilashin gaban kyamara, sosai, bayan mutum zai narke ya bar fuskar ita kaɗai. Ya koyi cewa in shota, ɗan murfin da ke ƙiftawa in an danna, ta yi jinkirin rufewa, ko numfashi ka yi hoton ya lalace, in kuma ka ɗaga lambar ISO mai ƙara wa hoto haske don ka tsere wa duhu, fuska ta fito da ɗige-ɗige kamar an watsa mata yashi. Ni da ban tambaya ba, sai da na haddace duk wannan, don ba a cin abinci da shi lafiya.

A nan ya ɗauko ɗabi'ar da ta kashe mu. Wasu abokansa na harkar hoto suka koya masa cewa ba a yanke wa hoto hukunci sai an zuƙo shi har ƙarshe an duba ƙwayar ido. In gashin ido bai fito ɗaiɗai ba, hoton shara ne, kuma gwani ba ya tara shara. Shi ke nan. In ya bar wurin Umma ya koma gidansa, ya zuƙo, ya girgiza kai, ya goge. Ba ma gogewa ɗaiɗai ba, katin memorin gaba ɗaya yake wankewa, wai haka ake yi don kada kati ya lalace. A gaban Umma ba ya cewa komai, sai dai, "An kusa, Umma, an kusa."

Da ya tabbata hannunsa ya zauna amma hoton bai yi masa ba, sai laifi ya koma kan kaya. Lens ɗin da ya zo da kyamarar, mai zuƙowa daga sha takwas zuwa hamsin da biyar, ya ce na 'yan koyo ne. Ya sayi mai lamba hamsin wanda ba ya zuƙowa, wai ya fi kaifi. Ya yi murna wata biyu, sannan ya ce yana da laushi a gefe. Ya sayi sanda mai ƙafa uku ta ɗora kyamara. Ya sayi faifan azurfa na mayar da haske, ni ce mai riƙewa har hannuna ya sage. Ya canza kyamarar kanta zuwa mai babban ciki, wadda ta fi kama haske. A ƙarshe ya rabu da babur ɗinsa ya ɗauko lens mai lamba tamanin da biyar, wani ƙato mai nauyi kamar kan keke, wanda ya ce daga shi babu wani a hoton fuska. Matarsa ta daina magana a kai, ta koma kallonsa kawai.

Ni ce ban iya shiru ba. Na ce, "Yaya, don girman Allah ka ba ni guda ɗaya, ko wanda ka raina. Ni ba gasa zan kai shi ba."

"Ki ba mutane wannan su ce ni na ɗauka? Ki bari a yi abu sau ɗaya, a yi shi da kyau."

Za a ce ina wayata. Wannan tambayar ta fi kowacce ci mini rai. Na gwada, ba sau ɗaya ba. Da na ɗaga waya Umma za ta kare fuska da tafin hannu ta ce, "Ke tafi can, ina da mai ɗauka ta." Alfahari take yi da shi. Ni kuma na yi sakaci, na ce ai ana ɗaukarta duk mako, ina za a rasa. Abin da ke wayata yau shi ne tafin hannunta sau huɗu, da bayanta tana shanya.

Akwai alamu, mu ne ba mu karanta ba. A shago ya fara miƙa wa teloli zare yana cewa su zura a allura da kansu, wai don su gwada. Ya ce masu jarida sun rage girman rubutu. Ya ce hotunan kowa yanzu dishi-dishi suke, kamfanoni sun daina yin gilashi na kirki. Muka ce halinsa ne na kushe. Ya manna shafin jarida a bangon shago, kullum bayan la'asar ya kafa sanda ya yi ta ɗaukar shafin nan, lens bayan lens, lamba bayan lamba, yana neman inda kaifin ya ɓuya.

Shekara goma sha ɗaya ana haka. Wata Talata da safe Umma ta faɗi a bakin famfo. Ta rayu, amma ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bakin ya karkace, idon dama ya sauko, dariyar nan ta tafi. Da aka sallamo ta daga asibiti na ja Yaya gefe na tambaye shi me ya rage a wurinsa. Bai kalle ni ba. Ya ce ko na makon da ya wuce babu, ya wanke katin.

Washegari ya zuba kyamarar da lens ɗin tamanin da biyar a jaka ya ce zai je wurin wanda ya sayar masa. Na bi shi, don yadda na ga fuskarsa na san faɗa zai yi. Shagon a saman bene yake a kasuwar kayan lantarki, kwalaye har rufi, da wata 'yar fanka da ke juya zafi. Mai shagon dattijo ne mai sanyin magana, ya daɗe da sanin Yaya.

"Ka cuce ni," in ji Yaya. "Lens ɗinka ba ya kama ido. Uwata ta kwanta ban samu hoto ɗaya ba."

Mutumin bai yi musu ba. Ya zare katin kyamarar ya sa a kwamfuta. Hotunan jarida ne fal, ɗari da ɗari. Ya buɗe ɗaya, ya zuƙo har ƙarshe, ya fara karanta ƙananan tallace-tallacen da ke ƙasan shafin da ƙarfi, har da lambobin waya. Ni ma daga inda nake tsaye ina ganinsu tar, har zaren takardar ana gani.

"Malam, kai me kake gani a nan?" in ji mai shagon.

"Hazo," in ji Yaya. "Ba ka ga bakin haruffan ya narke ba?"

Mai shagon ya ɗauki kyamarar ya sa ido a 'yar tagar da ake leƙawa, ya yi saurin janye kai. Ya nuna mini wani ɗan maɓalli mai haƙora a gefen tagar. Ya ce aikinsa daidaita tagar da ƙarfin idon mai kyamara, kamar tabarau, kuma ba ya taɓa hoton da ake ɗauka ko kaɗan. Na Yaya an murza shi har ya ƙure.

"Yaushe ka fara murza wannan?"

Yaya ya ce ya daɗe. Duk sanda tagar ta yi masa dishi-dishi sai ya ƙara haƙori ɗaya ta washe. Bara ne ya murza ya ji ya ƙi gaba.

"To ka gani. A taga kana ganin abu garau saboda ka sa mata tabarau. In ka dawo kan allo babu tabarau, sai ka ga hazo, ka ce lens ne. Kyamarar nan ita ke kama ido da kanta, kuma tana kamawa. Rufe idon dama ka kalle ni."

Yaya ya rufe. Ya juya kai hagu da dama yana nemansa. Sannan ya ce, a hankali, "Ina kake?"

Idon hagu shi ne wanda yake rufewa in zai ɗauki hoto, shekara da shekaru, bai taɓa tambayarsa komai ba. Da muka kai shi asibiti, likitan ido ya ce ciwon suga ne, ya daɗe yana cin jijiyoyin bayan idon ba a sani ba. Na hagu ya riga ya tafi. Na dama za a yi ƙoƙarin riƙe abin da ya saura, amma kada mu sa rai da yawa. Ya ce da an zo shekara biyar baya, da wata maganar ake yi.

Mai shagon ya yi mana kirki, ya kwana biyu yana bin katunan Yaya da wata manhaja mai tono abin da aka goge. Ya ce da wankewa kawai aka yi, da an samu. Amma duk bayan wankewa Yaya ya cika katin da gwaji, sabo ya hau kan tsoho. Abin da ya tono mana jarida ce, da bango, da jarida. A cikin shekara shida ko bakwai na ƙarshe, in ji shi, da wuya a ce akwai hoton Umma ɗaya da bai fito ba. Na so in rufe Yaya da faɗa a wurin, na buɗe baki na ga yadda yake laluben zif ɗin jakarsa, sai na kasa. Har yau haushin yana nan, ban san inda zan sauke shi ba.

Yanzu Yaya rabin yini yake buɗe shagonsa. Yana gyara abin da kunne da yatsa za su iya, sauran ya mayar wa masu shi. Teloli sun fara kai kekunansu gaba, ba da faɗa ba, a hankali.

Ni ce na ce mu ɗauki Umma ko a yadda take, ya saita mini lambobin da baki ni in danna. Ya yarda. Muka shiga ɗakinta da hantsi, na ɗaga labule, ya tsaya a bakin gado yana gaya mini in buɗe ƙofar hasken zuwa biyu da ɗigo takwas. Umma ta ga abin da ke hannuna. Ta ɗaga hannunta mai lafiya ta ja mayafi ta rufe ɓarin fuskar. Maganarta yanzu a daƙile take fita, sai an matso.

"A haka? A'a. Kada yaran nan su san ni a haka."

"Umma, guda ɗaya ne," na ce.

"Me za a yi da shi? Babana yana da su da yawa." Ta juya ido wajensa. "Ka zaɓo a cikin na da. Akwai ranar da na sa koren leshi, ka ce in kalli kafaɗarka na yi dariya. Wannan nake so. Ka wanko shi babba, in gani tun ina gani."

Na kalli Yaya. Ya dafa ƙarfen gadon da hannu biyu.

"To, Umma," ya ce.

Wata huɗu ke nan. Duk ranar da ya zo gaishe ta sai ta tambaya, shi kuma ya ce yana wurin masu wanke hoto.